Kwana Uku Babu Wuta a Murhun Sumilah

Tun kafin fankar murhun ta tsaya Sumilah ta san za ta tsaya. Wata biyu ke nan muryarta ta sauya. A da, ana danna makunni take ɗauka, wuta ta miƙe a gindin kasko kamar an kira sunanta. Yanzu kuwa sai ta tsaya tana gurnani a wuri ɗaya, sai Sumilah ta zura tsinken gora ta tura mata fiffike sau ɗaya ko biyu, sannan ta fara juyawa da ƙyar tana wani kuka siriri. Kullum Sumilah tana ji. Ba ta gaya wa kowa ba.

Ran Litinin da hantsi ta tura mata har sau shida. Fankar ta yi rabin juyi ta tsaya, gurnanin ya yi ƙasa, sai wari ya taso kamar ana ƙona roba, da ɗan farin hayaƙi daga bayanta. Sumilah ta zare wayar daga bango. Ta tsaya tana kallon abin, ƙarfe mai siffar katantanwa, ya kai girman kan maraƙi, baƙi ƙirin da toka da maiƙo, bakinsa cuse a bututun da ya shiga gindin murhu.

Markaɗe kuwa ta riga ta yi. Waken suya kilo talatin, wanda ta jiƙa tun asuba, yana cikin babban kasko yana jiran wuta ya zama awara. Damina ta yi nisa a ƙauyukan gefen garin Magelang, guntayen katakon da ake kawo mata daga wurin masu yanka a jiƙe suke zuwa, in ba da iska mai ƙarfi ba sai dai su yi ta hayaƙi suna tsatsar ruwa. Ta ɗauko mafici ta durƙusa. Ta yi fifita har kafaɗarta ta daina jin ciwo, ta koma ɗaya hannun. Wutar takan ɗan lashi gefe ɗaya ta koma ta kwanta. Har aka kira azahar ruwan waken bai tafasa ba, ɗumi kawai ya yi, ya fara kumfa yana sauya ƙamshi. Ta kira maƙwabcinta mai shanu ya zo da bokitai ya kwashe.

Duk abin nan mijinta Wagiran yana zaune a kujerarsa ta gora a bakin rumfar, inda take ajiye shi kowace safiya. Wata goma sha ɗaya ke nan da ɓarin jikinsa na dama ya shanye, maganar ma ta tafi. Ido ya rage masa da hannun hagu. Ya bi bokitan da kallo suna fita ɗaya bayan ɗaya. Daga nan ya juya kai ya dubi randar da ke kusurwa, ita ma ta dube ta.

"Na sani, Pak," ta ce. Pak, wato baba, haka kowa yake kiransa a gidan.

Randar nan ita aka fara nuna mata a gidan, tun kafin a nuna mata inda za ta ajiye kayanta. Shekararta ashirin da ɗaya a lokacin. 'Yar kan dutse ce, daga ƙauyukan masu noman taba. Ubanta ƙodago yake yi a gonakin mutane, ita kuma ta tashi tana shanya ganyen taba a rana, awara sai ranar kasuwa take ganinta. Surukarta Mbok Kromo, wata 'yar ƙaramar tsohuwa mai jan baki saboda taunar ganye, ta kama hannunta har kusurwar rumfa, ta ɗaga murfin katako.

"Sunsuna."

Ta sunsuna. Tsami ne mai tsabta, kamar na ɗanyen mangwaro.

"Ruwan nan ya girme ki," in ji tsohuwar. "Ya girmi mijin naki ma, uwata ce ta tayar da shi. Da na jiya ake haɗa awarar yau. Abin da ya tsatso daga ta yau a zuba masa ya kwana, gobe a haɗa da shi. Kwana biyu yana jure yunwa. Na uku kuwa sai dai ki zubar, ya mutu. Kin ji ko ba ki ji ba?"

"Na ji, Mbok."

"Duk haka kuke cewa."

Shekara talatin da biyu randar ba ta taɓa yin kwana uku ba a ciyar da ita ba. Ran ƙaramar Sallah, kafin a tafi idi, Wagiran yakan dafa rabin kasko saboda ita kawai. Ran da aka haifi 'yarsu Harti an yi awara. Ran da aka binne Mbok Kromo, ana dawowa daga maƙabarta ya tuɓe riga ya hura wuta, masu gaisuwa suna zaune a tabarma a waje, babu wanda ya ga laifinsa. Ran da shi kansa ya yanke jiki ya faɗi a bakin murhu, Sumilah ta baro shi a gadon asibiti a rana ta biyu, ta dawo ta yi kasko ɗaya, ta wanke hannu ta koma.

Aikin a rabe yake tun farko. Wuta tasa ce, da duk abin da ke da waya a jikinsa: injin markaɗe, famfon rijiya, da fankar da ya sayo shekarar da Harti ta shiga makaranta, lokacin da busasshen itace ya fi ƙarfin masu awara. Nata kuwa tacewa da haɗi da danni da yanka. Ta san lokacin da ruwan wake yake son tsami daga yadda tururinsa yake taɓa mata fuska. Ta san ludayi nawa ne a ranar sanyi, nawa ne a ranar zafi. Amma a shekarun nan duka ba ta taɓa sa hannu a fankar ba. Ta dai sha ganinsa da wutsiyar ido, tsugune a bayanta da gashin kaza yana ɗiga mata mai. Da aikinsa ya dawo kanta sai ita ma ta nemo gashin kaza. Kowace safiya take tsomawa ta ɗiga, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Duk sanda ta tsuguna yin haka sai Wagiran ya ƙwanƙwasa hannun kujera da zobensa. Sai ta tashi ta kawo masa shayi.

Bayan azahar ta ba shi abinci, ta mayar da shi ɗaki, ta roƙi matar mai shanu ta riƙa leƙa shi. Ta lalubo sifana a akwatinsa. Notuka huɗu ne, na huɗun sai da ta taka sifanar da ƙafa. Fankar ta fi yadda ta zata nauyi. Ta naɗe ta a buhu, ta goya ta a baya da zane, ta tsaya a bakin titi har ƙaramar bas ta zo.

A kasuwa ta fara bi ta rumfar Tentrem, matar da ke zuwa da babur kullum ta kwashi awararta ta sayar. Ta ce mata babu awara sai jibi ko gata. Tentrem tana tsakiyar ciniki da mutum uku, ta ɗaga mata hannu kawai.

Shagon Sarijo mai naɗin wayar inji yana bayan kasuwar, tsakanin mai faci da mai sayar da kejin tsuntsaye. Mutum ne mai sanƙo, tabaransa ɗaure da waya a gefe ɗaya. Yana hango ta da goyo ya ajiye abin da ke hannunsa, ya kira ta da Yu, yadda ake kiran babbar 'yar'uwa a nan.

"Yu Milah! Haihuwa aka yi ba a gaya mana ba? Mace ko namiji?"

"Ta ƙone, Lik Jo," ta ce wa Sarijo.

"Sauke na gani. A'a, wannan ai tsohuwar fankar mijinki Kang Giran ce. Ni na sa mata boris ɗin da take juyawa a kai shekara takwas da suka wuce, har yau bai gama gode mini ba. Yaya jikin nasa?"

"Yana nan."

"Yana cin abinci?"

"Yana ci."

Ya kwance marfin baya. Marfin ya ƙi fita, sai da ya sa bakin sukundireba ya ɓamɓare shi, ya fito yana jan wani abu ruwan ƙasa mai danƙo kamar narkakkiyar alewa. Sarijo ya lakato da yatsa ya murza. Ya kai hanci. Ya cire tabarau ya sake kai hanci.

"Yu, me kike ba ta?"

"Mai."

"Wane mai?"

"Mai dai. Kullum ina sa mata."

"Na ji kullum ɗin. Wane iri nake tambaya."

"Na suya. Wanda ya rage a kaskon tuyar awara."

Sarijo ya dube ta, ya dubi fankar, sai ya leƙa kai waje. "Kai mai faci! Bar tayar nan zo ka sha ƙamshi. Da na san abin da za a kawo mini ke nan da na taho da shinkafa da barkono."

Mai faci ya shigo yana goge hannu a wando, ya sunkuya ya sunsuna. "Saura gishiri kaɗan."

"Ka ga boris ɗin? Ya soyu ciki da waje. Ko a gidan biki ban ga suya irin wannan ba."

"A yanka mini gefe, Yu, na kai wa yara."

Suka yi ta dariya, har mai keji ya leƙo. Sumilah tana tsaye tana ninke zanen goyon, ta ninke shi biyu, ta ninke huɗu. Ta nemi kunya a jikinta ba ta samu ba, haushi ma haka. Ta lura akwai famfunan rijiya guda biyar jere a ƙasa, kowanne da suna rubuce da alli. Ta jira su gama kamar yadda ake jiran ruwa ya ɗauke.

Sarijo ne ya fara yin shiru. Ya mayar da tabarau, ya kori mai faci da hannu.

"Ba ke kaɗai ba ce, Yu," ya ce, muryarsa ta sauko. "Masu tuya duk haka kuke yi mini, rabin abincina daga wurinku yake. Man girki in ya ji zafi ya sha toka danƙo yake komawa. Ya riƙe boris, inji yana so ya juya babu hali, sai naɗin ya ƙone. Da ba ki sa mata komai ba ma da ta fi daɗewa."

"To."

"Yanzu biyu ce. Akwai sabuwa a cikin gari, yau ma sai ki koma da ita. Amma bakinta ba zai shiga bututun da Kang Giran ya gina ba, sai an fasa gindin murhu an sake, a jira siminti ya bushe. Kuma gwangwani ce, in ta yi miki shekara ki gode Allah. Wannan kuwa in na sake mata naɗi, ita za ta binne mu duka."

"Yaushe?"

"Laraba."

"Da safe?"

"In rana ta fito. Naɗi sai an shafa masa magani ya bushe, in ba haka ba ranar farko zai sake ƙonewa, ki zo ki ce Sarijo ɓarawo ne."

Ran Lahadi aka ciyar da randar. Litinin ɗaya, Talata biyu. Laraba da safe ƙila a same shi da sauran rai, ƙila kuma a'a. Sumilah ta san wannan kamar yadda ta san sunanta. Ta buɗe baki za ta gaya masa, sai ta ji maganar ta yi mata tsawo.

"To," ta ce.

Ran Talata ta farka a lokacin da ta saba. Ta yi salla, ta nufi buhun wake, sai da ta sa hannu a bakin buhun ta tuna. Ta tsaya a tsakar rumfa. Ba ta taɓa jin wurin shiru haka da safe ba, har tana jin ɗigar ruwa daga kwano zuwa cikin bokiti. Ta ɗaga murfin randa. Tsamin ya ƙara kaifi amma da tsabtarsa. Ta rufe.

Tun da babu aiki ba ta fito da Wagiran rumfa ba. Ta yi masa wanka, ta zaunar da shi gaban talabijin, ta kunna masa tashar da ake nuna wasan ƙwallo na jiya. Ta kunna murhun gas na kicin ta dafa ruwan shayi, ta dafa shinkafa, ta soya ƙwai. Ta share tsakar gida, ta sake sharewa. Daga nan ta zauna a bakin ƙofa ta ɗora hannuwa a cinya. Sun bushe. Shekaru ke nan ba ta gan su a bushe da hantsi ba, tsagogin da ke tsakanin yatsun sun yi fari sun daina zafi.

Harti ta kira daga birnin Semarang, inda take ɗinki a wata masana'anta, a lokacin hutun cin abinci. Ana jin hayaniyar mata a bayanta.

"Mak, ai Allah ne ya hutar da ke. Ki bar ta a ƙonen."

"Ana gyarawa."

"Wa ya ce a gyara? Ke da Pak cikinku nawa ne? Ni zan riƙa aikowa."

"Kin ci abinci?"

"Mak, ni nake miki magana."

"Ina ji."

Bayan azahar ta kwanta a tabarma kusa da kujerarsa, da niyyar ta miƙe baya kawai. Kiran la'asar ne ya tashe ta. Ba ta yi mafarki ba. Ta daɗe a kwance tana kallon rufin ɗaki, talabijin yana ta magana shi kaɗai, Wagiran yana kallonsa ko yana kallon bangon da ke bayansa.

Laraba ta waye da ruwa, irin wanda ba ya ƙarfi kuma ba ya ɗaukewa. Ta ɗaga murfin randa da sassafe. Wata siririyar yana mai kama da fata ta kwanta a saman ruwan, kuma a ƙarƙashin tsamin akwai wani abu dabam da hanci yake kamawa in an daɗe. Ta rufe. Ba ta jiƙa wake ba, don ba ta san sanda Sarijo zai zo ba, ba ta kuma son ta sake kiran mai shanu. Ta kunna gas ta dafa shayi. Hantsi ya wuce, azahar ta wuce.

Sai bayan la'asar ta ji babur a ƙofar gida. Sarijo ne cikin rigar ruwa ta leda, fankar ɗaure a bayansa.

"Da ƙwan lantarki na busar da ita, Yu, kamar ɗan tsako. Ina maigidan? Fito da shi ya ga aikin masu aiki."

Ta kamo Wagiran ta kafaɗa, suka tako a hankali har kujerar bakin rumfa. Sarijo ya kama hannunsa na hagu ya riƙe da hannu biyu.

"Kang, ka yi ƙiba. Zaman banza ya karɓe ka. Ka ga yadda aka yi wa amaryarka kuwa? Soya ta aka yi, Kang, da ranka da lafiyarka."

Gefen bakin Wagiran ya ɗan motsa.

Sarijo ya tsuguna ya cusa bakin fankar a bututu, ya ɗaure notukan. An wanke ta tas, ashe launinta kore ne. Yana aiki yana surutu, labarin wani da ya kawo masa famfo da ƙadangare a ciki. Da ya gama ya miƙe yana riƙe da ƙugu.

"To ina man da yake sa mata? Ai ba zai rasa ba, mutumin da ko ƙusa ba ya yarwa."

Sumilah ta ce ba ta sani ba.

Wagiran ya ƙwanƙwasa hannun kujera da zobe. Sarijo ya juya ya dube shi. Idon Wagiran ba a kansu yake ba, yana sama, a kan katakon da ya gitta rufin rumfa daidai saman fankar. Sarijo ya bi idon, ya yi ɗage, ya miƙa hannu ya lalubo. Wata 'yar kwalba ce ta man keken ɗinki, rabi, ƙura da toka sun rufe ta.

"Ga shi nan. Ɗigo biyu, Yu, sau ɗaya a wata. Ba kullum ba, ba miya ba ce."

Sumilah ta karɓi kwalbar. Ta tuna safiyoyin nan duka, ita a tsugune da gashin kaza, shi yana ƙwanƙwasawa. Ta tuna kofunan shayin. Kuma duk wanda ta kawo yana shanyewa.

"Ashe ba shayi kake so ba, Pak."

Ya sauke ido ƙasa.

Sarijo ya danna makunni. Fankar ta ɗauka nan take, tsohuwar toka ta yi tsiri daga bakin murhu har suka ja da baya. Ya tsaya yana saurare, kai a karkace, yana murmushi.

"Kun ji? Kamar budurwa."

Ta ba shi shayi da soyayyar ayaba, ta sallame shi, ya mayar da rigar ledarsa ya tafi. Yamma ta riga ta yi, babu jiƙaƙƙen wake. Ta wuce ta gaban randar sau biyu ba ta taɓa murfin ba.

Ran Alhamis ta jiƙa wake da asuba. Da hantsi ta markaɗa, ta fito da Wagiran, ta jera jiƙaƙƙen katako ta kunna. Wutar ta tashi da ruri, ko awa ba a yi ba kaskon ya tafasa. Ta kwashe, ta tace a ƙyalle, ta matse dusar, farin ruwan wake ya cika baho yana tururi. Tururin ya taɓa mata fuska yadda ya saba. Ta ɗauki ludayi ta je kusurwa ta ɗaga murfi.

Warin ya fito kamar na kwata. Yanar ta yi kauri ta koma ruwan toka, da ƙananan kumfa a ƙarƙashinta. Sumilah ta tsaya, murfi a hannu ɗaya, ludayi a ɗaya.

A haka Tentrem ta same ta. Ta shigo da robobinta babu komai a ciki, hular babur a kai, tana magana tun daga ƙofa.

"Yu, kwana uku mutane sun hana ni sakat, wai ina awarar Kang Giran. Kai! Me ya mutu a nan? Ɓera?" Ta ƙaraso ta leƙa. Ta toshe hanci da gefen mayafi. "Inna lillahi. Na Mbok Kromo ne?"

"Tun Lahadi."

"Tun Lahadi! To gas ɗinki na kicin fa, shi ma ya ƙone? Wake kofi biyar a ƙaramar tukunya ai da ya riƙe miki shi. Injin markaɗenki ƙalau yake. Ko ki ɗauki waken ki kawo gidan yayana a dafa miki, gida nawa ke yin awara a layin nan, Yu? Ni ma da kin ce mini randa, ai da na bar ciniki."

Sumilah ta nemi amsa. Ta kunna murhun gas ɗin nan ya fi sau goma a kwana ukun. Ba za ta ce ta manta ba, don ko minti ɗaya randar ba ta fita daga kanta ba. Ba za ta kuma ce ta yanke shawarar barinsa ba. Ta duba ciki ta ga babu komai a wurin, sai barcin ran Talata.

"Ban yi ba," ta ce.

Tentrem ta buɗe baki, sai idonta ya faɗa kan Wagiran a kujera. Ta rufe. Ta tsoma ɗan yatsa a bahon ruwan wake ta cire da sauri.

"Rufe shi kar ya huce. Ina zuwa."

Ba ta daɗe ba ta dawo da jarka biyu, ɗaya a gabanta ɗaya a baya. "Yayana ya ce a gaishe da Kang Giran. Ya ce nasu ma ba na banza ba ne, kar ki raina."

Sumilah ta zuba a roba ta sunsuna. Tsami ne. Ta ɗebo da ludayi ta zuba a gefen baho, ta juya a hankali, ta ƙara, ta juya. A ludayi na bakwai ruwan ya fara rabewa, farin ya tattaru gungu-gungu, ruwan ɗorawa ya taso sama. Kamar kullum. Ta shimfiɗa ƙyalle a akwatunan katako, ta kwashe, ta rufe, ta ɗora duwatsu. Tentrem ta taya ta yanka, tana ta ba da labarin wata da ta yi faɗa da mai karɓar kuɗin rumfa. Ta ɗauki ɗaya ta gutsura.

"Lafiya lau," ta ce da cikakken baki. "Wa zai sani?"

Ta loda robobinta ta tafi.

Randar ta fi ƙarfin ɗauka. Sumilah ta kawo bokiti ta riƙa ɗiba tana kaiwa kwatar bayan gida. Hanya ɗaya ce, ta gaban kujerar Wagiran. Sau tara ta wuce shi da bokiti cike, sau tara ta dawo da shi babu komai. Bai ƙwanƙwasa ba. Hannunsa na hagu yana kan gwiwa a buɗe.

Da ta kai ƙasa ta karkata randar ta zuba ruwan zafi, ta sa toka da ɓawon kwakwa ta goge. Ba a taɓa kwashe ta har gindi ba a zamanta na gidan, wannan ne ganinta na farko da cikinta. A can ƙasa akwai wata doguwar tsaga da aka liƙe da siminti, liƙin ya tsufa ya yi santsi. Wani ya taɓa kwashe ta ke nan, ko Mbok Kromo ko uwarta. Ko sun juye ruwan a wani wuri kafin su liƙe, ko zubarwa suka yi su ma, babu wanda za ta tambaya. Ta shafa wurin da yatsa, ta ɗauraye, ta tayar da randar ta mayar kusurwa. Ta juye mata ruwan da ya tsatso daga awarar yau, da sauran ɗuminsa, ta ɗora murfi.

Azahar ta yi. Ta soya guda huɗu daga gefe-gefen da ba a kaiwa kasuwa, ta zuba shinkafa, ta jawo ƙaramar kujera gabansa. Ta gutsuro awarar da cokali ta haɗa da shinkafa ta kai masa baki. Ya daɗe yana taunawa ta ɓarin hagu, idonsa a kan tsakar gida inda ruwa ya sake farawa. Ta dubi fuskarsa. Rabi ba ya motsi, ɗaya rabin tauna kawai yake yi. Ya haɗiye. Ta goge masa gefen baki da yatsa.

Ya buɗe baki, ta ƙara masa.